Koyarwa a Ingila: QTS ne farko ko biza, kuma wa ke biyan kuɗin CoS?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da digirin koyar da lissafi, shekara shida ina koyarwa a sakandare, kuma ina da rajistar TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya. Ina son neman aikin koyarwa a Ingila, amma zantuka sun yi mini yawa. Wasu sun ce da zarar mutum ya samu QTS shi ke nan, biza za ta biyo baya da kanta. Wani dillali kuma ya ce in kawo naira miliyan takwas ya samo mini CoS daga wata makaranta, in hakan bai yiwu ba in shiga da bizar ziyara, a can a juya ta ta koma ta aiki. Don Allah masu sani, me ake fara yi? Waɗanne takardu ake nema? Nawa zan tanada idan zan tafi da matata da yara biyu? Allah ya saka da alheri.

Malama Mai Alli:

Wa alaikumus salam Malam. Abu uku ne mutane ke cakuɗawa, kuma kowanne da mai bayar da shi. QTS shaidar ƙwarewar koyarwa ce, hukumar TRA da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi ke bayarwa. CoS, wato shaidar ɗaukar nauyin ma'aikaci, makarantar da ta ɗauke ka aiki ce ke fitarwa. Biza kuma ma'aikatar cikin gida ce ke bayarwa, kuma ba ta bayarwa sai da CoS. QTS ba ya ba ka izinin shiga ƙasar ko na kwana ɗaya, kuma ba ya ba ka aiki. Amfaninsa shi ne makaranta ta kalli takardunka da daraja, ta kuma ɗora ka a kan albashin ƙwararren malami.

Ranar 1 ga Fabrairun 2023 aka buɗe wa malaman da suka yi horo a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashe damar neman QTS kai tsaye ta intanet, amma da sharaɗi: sai mai koyar da lissafi, ko kimiyya, ko harsuna ban da Turanci, kuma horonsa ya shafi 'yan shekara 11 zuwa 16. Malamin firamare ko na tarihi ko na addini ba ya cikin wannan hanyar. Tun daga lokacin an sha taɓa sharuɗɗan saboda yawan masu nema, don haka ka karanta shafin gov.uk a ranar da za ka cike, kada ka dogara da bidiyon da wani ya ɗora shekara biyu da suka wuce.

Abin da ake dubawa: digiri na farko wanda ya yi daidai da na Birtaniya, horon koyarwa na aƙalla shekarar karatu guda, aikin koyarwa na aƙalla wata tara bayan kammala horon, da shaidar Turanci. NCE kaɗai ba ta kai ba. Mai digirin lissafi zalla sai ya haɗa da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri. Za a nemi takardar sakamakon jami'a ta kowane kwas, domin da ita ake auna ko lissafin da ka karanta ya isa a kira ka malamin lissafi. Sai wasiƙar TRCN mai tabbatar da cewa rajistarka na nan kuma ba a taɓa dakatar da kai ba. Wannan TRCN ce ke aikawa da kanta zuwa TRA, idan ta bi ta hannunka ba ta da amfani. Mutanen Ghana kuwa hukumar malamansu, NTC, ce ke yi musu.

Inda aiki ya fi maƙalewa shi ne wurin masu ba da shaida. Za a tura wa shugaban makarantarka imel ya tabbatar da ranar da ka fara, awannin da kake koyarwa a mako, da shekarun ɗalibanka. Idan bai buɗe imel ba, ko ranakun da ya rubuta suka saɓa da naka, takarda ta tsaya. Ka zauna da shi tun kafin ka sa sunansa, ku daidaita da abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki. Imel na makaranta ya fi na kashin kai ƙarfi.

QTS na Ingila ne kawai. Sikotilan na da tata hukumar, GTCS, da nata rajistar daban.

Game da neman aikin kansa: shafin gwamnati na Teaching Vacancies kyauta ne, kuma za ka iya tace shi ya nuna guraben da makaranta ta yarda ta ɗauki nauyin biza kawai. Shekarar karatu a Satumba take farawa. Malaman can suna da ranakun ƙarshe na ba da sanarwar barin aiki, 31 ga Oktoba, ƙarshen Fabrairu da 31 ga Mayu, shi ya sa guraben Satumba suka fi fitowa daga Fabrairu zuwa Yuni. Wanda ya fara nema a Agusta ya makara. Makarantu fom ɗinsu suke so a cike, ba su karɓar CV kaɗai, kuma duk wani giɓi a tarihin aikinka, ko na wata huɗu ne, sai ka yi bayaninsa.

Baban Khalifa:

Malam, maganar dillalin nan ka rufe ta. CoS ba takarda ba ce da ake ajiyewa a durowa ana sayarwa. Lamba ce da makaranta mai lasisin ɗaukar nauyin ma'aikata ke fitarwa a na'urar ma'aikatar cikin gida, ɗauke da sunanka, lambar fasfonka, irin aikin, albashi da ranar farawa. Kuɗinta fam 525 ne tun Afrilun 2025, kuma makaranta ce ke biya. Doka ta hana a ɗora wa ma'aikaci wannan kuɗin, haka ma harajin da ake karɓa daga mai ɗaukar baƙo aiki. Makarantar da aka kama tana karɓa lasisinta ne zai tafi. Duk CoS ɗin da ya zo ba tare da an yi maka intabiyu ba, ko dai na jabu ne, ko na aikin da babu shi. Idan jami'in biza ya gano an yi ha'inci, sunanka ne zai ɗauki haramcin shiga har shekara 10, dillali kuwa ya canza lambar waya.

Juya bizar ziyara ma babu ita. Mai bizar ziyara yana iya halartar intabiyu a can, amma ba zai fara aiki ba, kuma ba zai iya neman bizar aiki ta Skilled Worker daga cikin ƙasar ba, sai ya dawo gida ya nema. Idan kuma aka ce maka ka shiga a matsayin mai kula da tsofaffi daga baya ka koma aji, an rufe wannan ƙofar ga masu nema daga waje tun 22 ga Yulin 2025.

Yadda za ka tantance makaranta: ma'aikatar cikin gida na da jerin sunayen duk masu lasisi a gov.uk, kowa na iya saukewa. Kada ka tsorata idan ba ka ga sunan makarantar kanta ba, sau da yawa lasisin yana hannun ƙaramar hukumar yankin ne ko ƙungiyar da ke tafiyar da makarantu da yawa. Ka tambaye su da wane suna suke a jerin. Idan CoS ya fito, ka duba lambar aiki: malamin sakandare 2313 ne, na firamare 2314. Mataimakin malami aiki ne daban, kuma tun da aka ɗaga matakin zuwa na masu digiri a Yulin 2025 ba hanyar shigowa ba ce.

Daga ranar da aka fitar da CoS kana da wata uku ka nemi biza, kuma ba za ka nema ba sai ranar fara aiki ta rage wata uku ko ƙasa da haka. Abubuwan da za ka haɗa:

Shaidar Turanci. Najeriya da Ghana ba sa cikin jerin ƙasashen da aka yafe wa, kuma sakamakon Turanci na WAEC ba ya aiki a nan. Ko dai ka yi jarrabawar da aka amince da ita, irin su IELTS for UKVI ko PTE Academic UKVI, ko kuma Ecctis, cibiyar da ke tantance takardun karatun waje, ta tabbatar da cewa da Turanci aka koyar da digirinka. IELTS na gama-gari wanda ba na UKVI (sashen biza na Birtaniya) ba shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuɗi ya tafi a banza. Sakamakon shekara biyu yake yi. Daga 8 ga Janairun 2026 matakin da ake nema ga sabbin masu shiga ya tashi daga B1 zuwa B2, a karatu, rubutu, magana da saurare.

Gwajin tarin fuka. Asibitin da suka amince da shi kawai, wato cibiyoyin IOM, hukumar ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, irin na Abuja da Legas, na Ghana kuma a Accra. Takardar wata shida take yi. Idan hoton ƙirji ya nuna wani tabo za a ɗauki kaki a kai ɗakin gwaji, sakamakon na iya cin mako takwas. Wanda ya bar shi sai CoS ya fito, wannan kaɗai na iya cinye masa wata ukun.

Takardar 'yan sanda mai nuna ba ka da laifi. Saboda aikin ya shafi yara dole ce, daga kowace ƙasar da ka zauna wata 12 ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Malesiya sai ya nemo ta can ma, ban da ta gida. Matarka ma za a nemi tata.

Kuɗin riƙe kai. Fam 1,270 a asusunka na kwana 28 a jere, kada ya sauka ƙasa da haka ko na yini ɗaya, kuma kwana na 28 ya faɗo cikin kwana 31 kafin ranar nema. Mata fam 285, ɗan fari 315, kowane yaro bayansa 200. Naku ya kama 2,070. Tun da a naira kuɗin yake, ka ajiye fiye da haka, domin farashin canji na ranar da ka nema za a yi amfani da shi. Makaranta na iya sa alama a CoS cewa ta ɗauki wannan nauyin, sai ka huta da takardar banki. Ka roƙe su, da yawa suna yi.

Sai babban lissafin, a farashin Afrilun 2025, na biza mai shekara uku. Kuɗin nema fam 769 kan kowane mutum, ku huɗu 3,076. Kuɗin lafiya na NHS, hukumar lafiya ta Birtaniya, fam 1,035 a shekara ga babba, 776 ga yaro, kuma na shekara ukun gaba ɗaya ake biya kafin a duba takardarka: kai da matarka 6,210, yara biyu 4,656. Jimla fam 13,942, babu tikitin jirgi, babu kuɗin kama haya. Ma'aikatan lafiya aka yafe wa kuɗin NHS, malamai ba a yafe musu ba. Farashin nan hawa yake yi, ka sake duba shi kafin ka biya. Bayan an ɗauki zanen yatsu a cibiyar biza, amsa kan fito cikin mako uku.

Shawarata, idan kuɗin bai kai ba, ka tafi kai kaɗai, iyali su nema daga baya. Doka ta yarda, bizarsu za ta ƙare ranar da taka za ta ƙare.

Malamin Lissafi:

Na gode ƙwarai Malama, na gode Baban Khalifa, kun tsamo ni. Saura biyu. Sunana a takardar digiri an rubuta shi da "Muhammadu", a fasfo kuma "Mohammed", sunan mahaifina ma ya koma tsakiya. Wannan zai kawo matsala? Sannan auren namu a masallaci aka ɗaura, ba mu da wata takarda. Wani abokina kuma mai mata biyu ya ce in tambaya masa yadda nasa zai kasance.

Hajiya Ta Gabas:

Malam, zai kawo, amma yana gyaruwa, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo shi ne uwa, komai a kansa ake aunawa. CoS, jarrabawar Turanci, takardar tarin fuka da ta 'yan sanda duk su fito da harafin da ke fasfo, ɗaya bayan ɗaya. Takardun karatu da suka riga suka fito kuwa, ka yi rantsuwar kotu mai nuna mutum ɗaya ne, in da hali ka haɗa da wasiƙa daga ofishin rajistaran jami'arku. Bambancin harafi ana fahimtarsa. Bambancin ranar haihuwa shi ne mai nauyi, domin ana iya karanta shi a matsayin ɓoye gaskiya. Idan akwai shi tsakanin fasfo, NIN da takardun makaranta, ka gyara kafin ka taɓa kowane fom.

Auren Musulunci da aka ɗaura a Najeriya aure ne a wurinsu, tun da dokar ƙasar da aka ɗaura shi ta san da shi. Shaida a rubuce kawai suke so. Ka nemi takardar aure daga kotun shari'a ko hukumar da ke bayarwa a jiharku. Idan da Hausa ko Larabci take, sai an yi mata fassarar da mai fassara ya sa wa hannu da kwanan wata da adireshinsa. Tun da takardar sabuwa za ta fito alhali auren ya daɗe, ka haɗa da takardun haihuwar yara na hukumar ƙidaya masu ɗauke da sunayenku biyu, da duk abin da ke nuna gida ɗaya kuke.

Abokinka kuwa ya san cewa mace ɗaya kawai za ta shiga a matsayin matarsa. Abin da mutane ba su cika hangowa ba shi ne 'ya'yan wadda ta zauna. Ƙa'idar ita ce yaro ɗan ƙasa da shekara 18 yana bin iyaye ne idan su biyun suna can ko suna nema tare. Idan uwa na raye kuma tana gida, sai uban ya nuna shi kaɗai ke da alhakin renon yaron, ko akwai wani dalili mai tsanani, kuma wasiƙar amincewar uwar kaɗai ba ta cika wadatarwa ba. Kada kuma ya yi gangancin sa su a matsayin 'ya'yan matar da za ta tafi. Wannan ha'inci ne, zai shafi bizar gidan gaba ɗaya.

Bari in ƙara da zaman can, tun da ba a taɓo shi ba. Katin zama na roba ya daina aiki a ƙarshen 2024, yanzu izinin a asusun UKVI na intanet yake. Daga nan kake ciro lambar da za ka ba makaranta da mai gidan haya su tabbatar da izininka. Duk ranar da ka sabunta fasfo ka shigar da sabon a asusun, in ba haka ba kamfanin jirgi na iya hana ka hawa a hanyar dawowa daga hutu.

Bizar a ɗaure take da makarantar da ta ɗauke ka. Idan za ka koma wata, sai sabon CoS da sabuwar nema, kuma ba za ka fara a can ba sai amsa ta fito. Idan aikin ya ƙare, ko kai ka bari ko an sallame ka, makaranta na da kwana 10 na aiki ta kai rahoto, sai a rage izininka zuwa kwana 60, na iyalinka ma haka. Shi ya sa kwantiragin shekara ɗaya na maye gurbin wadda ta tafi hutun haihuwa yake da haɗari ga mai iyali. Ƙarin aiki an yarda da shi har awa 20 a mako, a wajen lokacin makaranta, cikin ayyukan da doka ta lissafa. Tallafin gwamnati irin na haya ko na yara ba naku ba ne. Matarka kuwa tana da damar yin kusan kowane aiki, yara kuma makarantar gwamnati kyauta.

Izinin zama na dindindin bayan shekara biyar ake nema, da sharaɗin ba ka yi fiye da kwana 180 a waje ba cikin kowane wata 12, kana nan a aiki, ka kuma ci jarrabawar Life in the UK. Hutun bazara na mako shida a gida bai kai ya ɓata lissafin ba. A Mayun 2025 gwamnati ta bayyana niyyar mayar da shekara biyar ɗin zuwa goma ga yawancin baƙi, don haka mai lissafin kuɗi ya sa sabunta biza fiye da sau ɗaya a ciki.

Abu ɗaya da ya shafi aji amma yake komawa kan biza: an haramta dukan ɗalibi a makarantun gwamnati tun 1987, masu zaman kansu kuma daga 1999. Ba bulala kawai ba, jan kunne ko sa yaro ya durƙusa duk suna iya kai malami gaban kwamitin ladabtarwa, TRA kuma na iya hana shi koyarwa. Aiki ya tafi, kwana 60 sun fara ƙirguwa. A intabiyu ma dole a tambaye ka me za ka yi idan yaro ya gaya maka ana cutar da shi a gida. Amsar da suke jira ita ce ba za ka yi masa alkawarin rufa asiri ba, za ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ka kai wa jami'in kare yara na makarantar nan take. Wanda ya ce zai kira iyaye a sasanta ya faɗi, komai iya lissafinsa.

Ɗan Zazzau:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma Malama Mai Alli, a gafarce ni, kada Malam ya fahimci cewa dole ya jira QTS kafin ya fara neman aiki. Malamin da ya yi horo a waje yana iya koyarwa a makarantun gwamnati na Ingila har shekara huɗu ba tare da QTS ba. Shekara huɗun daga ranar farko suke ƙirguwa kai tsaye, ko ya yi hutu a tsakani ba a tsayar da agogo. Don haka ya tura neman QTS, ya kuma riƙa neman aiki a lokaci guda, ya rubuta a fom cewa takardarsa na gaban TRA.

Tarkon yana wajen albashi. Mafi ƙarancin albashin ƙwararren malami a shekarar karatu da ta fara a Satumban 2025 fam 32,916 ne a wajen Landan, 40,317 a tsakiyar Landan. Wanda ba shi da QTS ana iya ɗora shi a ma'aunin marasa shaida, wanda matakinsa na farko bai kai fam 23,000 ba, alhali bizar malamai tana buƙatar aƙalla 25,000 ko abin da ma'aunin aikin ya tanada, duk wanda ya fi yawa. Idan adadin da ke cikin CoS ya gaza haka za a ƙi bizar, kuɗin nema kuma ba ya dawowa, na NHS ne kawai ake mayarwa. Aikin rabin lokaci ma haka, ainihin abin da za a biya ka ake dubawa.

Kuma fam 32,916 ɗin, bayan haraji, inshorar ƙasa da fansho, kimanin 2,100 ne ke shiga hannu a wata. Mai shekara shida a aji ya nemi a ɗora shi sama da matakin farko. Makaranta na da ikon yi, ba dole ba ne a kanta, kuma kafin a fitar da CoS ake wannan cinikin.

Malama Mai Alli:

Haka ne Ɗan Zazzau, a yi su tare. Sai dai makarantar da za ta kashe kuɗin ɗaukar nauyi ta fi sakin jiki da mai QTS a hannu, musamman idan intabiyun ta bidiyo ne ba su ga koyarwarsa a aji ba.

Wani ya tambaya a akwatin saƙo game da malaman Nijar da Kamaru. Ba sa cikin ƙasashen da aka buɗe wa neman QTS kai tsaye a 2023, duk da cewa ana neman malaman Faransanci a can. Hanyoyinsu su ne iQTS, wanda jami'o'in Ingila ke koyarwa ta intanet mutum yana ƙasarsa yana koyarwa, ko su samu aiki a ƙarƙashin dokar shekara huɗun, daga baya a tantance su a aji idan suna da digiri da shekara biyu na koyarwa, ko kuma su je su yi PGCE, kwas ɗin horon malamai na bayan digiri, da bizar ɗalibi. Wannan ta ƙarshen tun Janairun 2024 ba a tafiya da iyali a kanta.